Hanyar Annan da Rigimar Motar Haya

A Kano in mutum ya ce zai ɗauki hayar mota, to da direbanta take zuwa. Ku yi ciniki a tasha ko a ƙofar otal, a yanke kuɗin shata zuwa Katsina ko Jos, ka ba da na mai, sauran sai an dawo. In taya ta fashe a hanya, ko wani ɗan adaidaita ya goge mata gefe a Dawanau, wannan tsakanin direba ne da ubangidansa, kai naka addu'ar Allah ya kiyaye gaba. A Ingila mabuɗi ake miƙa maka da takarda mai ƙananan rubutu, a nuna maka layin da motar take, a ce a sauka lafiya. Ba a haɗa ka da kowa. Abin da suke riƙewa a madadin direba shi ne lambar katinka na banki, da sa hannunka cewa ka yarda su ciri abin da suka ce ka ɓata.

Barka ce ta kai ni Mancesta. Ɗan ƙanwata yana aikin jinya a can, matarsa ta sauka lafiya, mahaifiyarsa kuwa ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce kawu ya wakilta. Da hidimar suna ta lafa na ce masa akwai garin da na daɗe ina son gani, Annan, a kudancin Sikotlan, mahaifar Hugh Clapperton. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, kowa ya zo cewa yake a kai shi Old Trafford, kai kuma sai garin Baturen da ya mutu shekara wajen ɗari biyu." Jirgin ƙasa na zuwa garin ta Carlisle, amma ina son mu tsaya inda muka ga dama, shi kuma ba shi da mota, don haka muka koma kan haya.

Ta wurin dillalan intanet ya kama motar, irin waɗanda ke jera maka farashin kamfanoni da yawa ka zaɓa. Kuɗin da ya biya bai kai na tikitin jirgin ƙasa na mutum biyu ba, har na yi mamaki. Araha dai ba ta ado. Sai da bas ta sauke mu a filin da aka ware wa kamfanonin haya kusa da tashar jirgin saman Mancesta, muka tsaya gaban kanta, sannan ainihin cinikin ya fara. Matar da ke wurin, cikin fara'a, ta bayyana mana cewa motar na da inshora, amma duk ɓarnar da ta auku mu ne za mu fara biya har zuwa wani adadi kafin inshorar ta ɗauki sauran. Namu adadin ya haura fam 1,000. In muna son a sauke mana wannan nauyi, sai mu sayi ƙarin kariya a wurinta, wadda kuɗinta na kwana ɗaya ya kusa kai na hayar kanta. Ta lissafo mana abin da kan faru: tsakuwa ta tashi ta tsaga gilashi, wani ya buɗe ƙofarsa a kan tamu, wili ya gogi gefen titi. Ba ƙarya ta yi ba, amma an koya mata jera su yadda gaban mutum zai faɗi. Akwai kamfanonin inshora na waje da ke sayar da irin wannan kariya da rahusa ƙwarai, sai dai a gida ake saye tun kafin a zo, kuma ba a kanta za a gaya maka ba. Yaron ya ce mun gode, za mu tafi a haka.

Na fito da katina na dala na bankinmu na gida don a riƙe kuɗin ajiya a kansa, ta ce a'a. Katin bashi suke so, kuma mai ɗauke da sunan direba, nawa kuwa na cirar abin da ke asusu ne. Doka ta yarda baƙo ya yi tuƙi a Birtaniya da lasin ƙasarsa har wata 12, amma sa ni a matsayin direba na biyu ma kuɗi ne a kowace rana. Na haƙura ba tare da baƙin ciki ba. Ina yaro Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama, ranar 2 ga Afrilun 1972, kuma ban ga dalilin komawa makarantar hagu da furfura a kan babbar hanyar mutane ba.

An ba mu takarda mai zanen mota, da 'yan alamomi biyu da ke nuna inda take da tabo. Yaron ya zagaya motar a hankali, ya durƙusa gaban wilin gaba na hagu, wanda shi ne ke bin gefen titi a ƙasarsu, ya ce, "Kawu, zo ka gani." Ƙujewa ce kamar tsawon ɗan yatsa, ta tsufa har ƙura ta yi baƙi a ciki, kuma ba ta cikin zanen. Ya kira ma'aikacin da ke rumfar fita. Wannan ya leƙa daga tsaye, ya ce ƙarama ce, ba sa lissafa irinta, mu tafi kawai. Yaron bai yi musu ba. Ya ɗauki hoton wilin, ya ɗauki bidiyon motar kewaye, da lambar mil da allurar mai, sannan nan take, injin na kunne, ya aika wa kamfanin imel da hoton a ciki. Aikin asibiti ya koya masa cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

Hanyar M6 ce ta ɗauke mu arewa. Har Preston babu abin kallo sai manyan motoci da gadoji. Daga Lancaster ƙasa ke buɗewa, tuddai su taso kore shar, ko'ina tumaki da shafin fenti a gadon baya, kowane makiyayi da launinsa. Katangun gonaki na duwatsu ne zalla, an jera su ba siminti ba laka, suna hawa tudu suna gangarawa har inda ido ya ƙare. Ƙasa ce da ke auna tafiya da mil ta sayar da mai da lita, iyakar gudu mil 70 a awa, kuma mutane na bi ba don akwai ɗan sanda a tsaye ba. Mun tsaya a Tebay, wurin hutawar matafiya da wasu iyalin manoma suka buɗe a 1972 lokacin da hanyar ta ratsa gonarsu, har yau kuma su ke riƙe da shi. Muka yi sallar ƙasaru a kan ciyawa, agwagi na kai da komo a tafkin gefe, babu wanda ya ko waiwaye mu. Daga nan aka haura Shap, inda hanyar ta wuce mita 300 a sama da teku, iska na kaɗa motar, sannan aka gangara Penrith da Carlisle.

Da ƙetare iyaka sai Gretna Green, ƙauyen da ya yi suna da auren gudu. Tun 1754 da dokar Ingila ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardar iyaye, samari ke sato 'yan mata su tsallako nan, maƙeri ya ɗaura musu aure a kan uwar maƙera. Ba waliyyi, ba sadaki. Har yanzu amare na zuwa ɗaukar hoto a wurin. Na ce wa yaron da a garinmu ne da tuni an kai maƙerin gaban alƙali.

Annan ƙaramin gari ne na jan dutse a bakin kogi mai sunansa, daf da inda yake zubewa a mashigin tekun Solway. Titi ɗaya ne babba, da hasumiyar agogo a kan ofishin gari, da tsohuwar gada. Lokacin bazararsu ne, magariba ba ta yi sai wajen ƙarfe goma na dare, muka yi ta yawo da rana a sama alhali shaguna duk sun rufe. Matar da ta sayar mana da shayi ta ce ta taɓa jin sunan Clapperton, amma ba ta san me ya yi ba. A nan aka haife shi a 1788, ɗan likita, ya shiga jirgin ruwa tun yana yaro, ya zama hafsan sojan ruwa. Daga Tarabulus ya ƙetare Sahara tare da Dixon Denham da likita Walter Oudney, suka isa Kukawa a 1823. Oudney ya rasu a ƙasar Katagum, shi kuwa ya shiga Kano a Janairun 1824, ya wuce Sakkwato a Maris ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mutanenmu Abdullahi suke kiransa. Ya sake dawowa ta Badagiri, ajali ya riske shi a Sakkwato a Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya binne shi.

Abin da ya sa nake ganin girmansa ba wai tafiyar ba ce, don fatakenmu sun yi wadda ta fi ta ba wanda ya buga musu littafi. Idonsa ne. A labarin tafiyarsu da aka buga a 1826 ya bayyana kasuwar Kano da natsuwa, kuma ya yaba adalcinta. Ya ce akwai shugaban kasuwa mai ba da hayar rumfuna, akwai ɗan rangwame na kashi biyu cikin ɗari da mai sayarwa ke mayar wa mai saye don albarka. Sannan ya kawo abin da ya fi burge ni: in an sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe, aka kai Borno ko wani gari mai nisa, aka kwance aka tarar kayan bai kai ba, mayar da shi ake yi Kano. Sunan dillali na rubuce a cikin kowane ƙunshi. Dillalin ne zai nemo mai kayan, shi kuma dokar gari ta tilasta masa mayar da kuɗi. Wato mai saye yana tafiyar wata guda daga kasuwa, amma hakkinsa bai faɗi ba, domin akwai sunan da za a kama. Ina zaune a bakin gadar Annan ina ba yaron wannan labari, ban san zan buƙace shi a makon ba.

A dawowa muka ratsa Libaful don ganin masallacin Abdullah Quilliam a Brougham Terrace, lauyan da ya musulunta ya buɗe shi a 1889, wanda kuma ya zo Legas a 1894 wakilin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya wurin buɗe masallacin Shitta-Bey. Daga can hanyar filin jirgi ta bi da mu ta gadar Mersey Gateway. Gada ce ta kuɗi, amma ba shinge, ba mai karɓa. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, kai kuma ka biya ta intanet kafin tsakar daren washegari. Baƙon da bai sani ba tara za ta bi motar zuwa kamfanin haya, kamfanin ya ɗora nasa kuɗin aikin ofis a kai, wani lokaci ya fi tarar kanta. Yaron ya biya ta waya tun muna cikin gari. Kusa da filin jirgi muka cika tanki har bakinsa, kamar yadda aka ba mu, muka adana rasit. Mun iso da sassafe, rumfar karɓa ba kowa, sai akwatin jefa mabuɗi. Ya sake zagaya motar da bidiyo, ya jefa, muka hau bas.

Bayan 'yan kwanaki, muna karin kumallo, wayarsa ta yi ƙara sau biyu a jere. Saƙon farko na banki ne, an ciri fam 353. Na biyu na kamfanin haya ne yana bayanin dalili: gyaran wilin gaba na hagu fam 220, kuɗin aikin ofis 50, kuɗin kwanan da motar za ta yi a gareji ba ta aiki 45, cikon mai 38. Ka lura da jerin, cira ta riga bayani isowa. A canjin naira wannan kuɗi ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000, sau da yawa.

Nan ne na fahimci aikin da katin yake yi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san hukuncin haya a mazhabarmu: wanda ya ɗauki hayar abu amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya lalace a hannunsa in ba sakaci ya yi ba, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Mai kaya in yana da'awa, shi zai kawo shaida. A kotun Ingila ma, galibi mai nema shi ke tabbatarwa. Amma kamfanin haya ba ya zuwa kotu ya nema. Hannunsa na cikin aljihunka tun ranar farko. Ya zargi mutum, ya yanke hukunci, ya ƙiyasta diyya, ya karɓa, duk a safiya ɗaya. Daga wannan lokaci kai ne ka zama mai ƙara, kai za ka yi ta aike, kai za ka kawo hujja cewa ba ka yi abin da ba ka yi ba. Kuma sun san yawancin masu haya a filin jirgi baƙi ne, sun riga sun tashi, suna Dubai ko Abuja, ba mai ɓata mako guda a kan wili.

Yaron ya fara da dillalin intanet. Amsa ta zo da sauri da ladabi: su haɗa mu kawai suka yi, yarjejeniyar haya tsakaninmu ce da kamfanin, mu tuntuɓe shi. La'ada ta shiga, suna ya fita daga ƙunshi. Ya kira kamfanin a waya, aka yi ta miƙa shi daga wannan zuwa wancan, kowa na karanto masa abin da ke kwamfuta. Na ce masa ya bar wayar, maganar baka iska ce.

Muka zauna muka rubuta takarda. Ransa a ɓace yake, yana son ya fara da kiran su ɓarayi, na hana. Takardar da ta fara da zagi ajiye ta ake yi, wadda ta fara da tambaya dole a amsa ta. Muka sa lambar yarjejeniya, muka ce ba mu yarda da cirar ba, muka haɗa hoton ranar ɗauka da imel ɗin da aka aika musu a ranar, da rasit ɗin gidan mai mai ɗauke da lokaci da adireshi, da hoton allura a kan cikakke. Sannan muka nemi abu huɗu: takardar duba motar lokacin fita, ta lokacin dawowa da sunan wanda ya duba da sa'ar da ya duba, hotunansu masu kwanan wata, da ainihin takardar kuɗin gareji, ba ƙiyasi ba. Muka ƙara da cewa muna neman duk bayanan da suke riƙe da su a kanmu, wanda dokar kare bayanai ta 2018 ta ba kowa damar nema kyauta, su kuma wata ɗaya suke da shi su bayar. Muka rufe da cewa in ba mu gamsu ba za mu kai maganar BVRLA, ƙungiyar kamfanonin hayar motoci ta Birtaniya, wadda ke da sashen sulhu kyauta, kuma abin da ta yanke ya hau kan duk kamfanin da ke cikinta. Tambarinta na manne a ƙofar ofishinsu, yaron ya gani ranar da muka je.

Sai banki. A nan akwai ramin da mutane da yawa ke faɗawa. Manhajar bankin na tambaya ko ka san wannan ciniki ko ba ka san shi ba. Mai fushi sai ya danna cewa damfara ce. In ya yi haka banki zai toshe katin, ya bincika, ya tarar shi da kansa ya miƙa katin ya sa hannu, ya rufe maganar. Abin da ya dace a ce shi ne: na san kamfanin, amma ina jayayya da adadin da ya cira. Wannan ne ke buɗe hanyar janyo kuɗi baya ta ƙa'idojin Visa ko Mastercard, inda bankinka zai nemi bankin kamfanin ya kawo hujja ko ya dawo da kuɗi. Mai katin bashi na Birtaniya na da ƙarin makami, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974, wanda ya ɗora wa banki alhaki daidai da na mai sayarwa a kan duk abin da kuɗinsa ya wuce fam 100 bai haura 30,000 ba. Sai dai sashen na son ciniki ya zama kai tsaye tsakanin mai kati da mai kaya. In kuɗin haya ya bi ta hannun dillali, banki na iya cewa igiyar ta tsinke. A Kano ta 1824 dillali shi ne hanyar samun hakki, a nan shigarsa tsakani na iya zama dalilin rasa shi. In banki ya ƙi, ko ya yi mako takwas bai ba da amsa ba, akwai ofishin sasanta rigingimun kuɗi, Financial Ombudsman Service, bayansa kuma ƙaramar kotu da ke sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba ba tare da tilas sai da lauya ba.

Amsar kamfanin ta zo da hoto ɗaya da jadawalin farashi. Hoton na wilinmu ne, tabon nan dai, tsawonsa, lanƙwasarsa, har baƙar ƙurar da ke ciki, daidai da wanda muka ɗauka kafin mu motsa motar. Takardar gareji babu. Kamfanoni da dama ba sa ɓoye cewa ba kowane tabo suke gyarawa ba. Suna da jadawali, ƙarce kaza fam kaza, su karɓa su bar motar ta ci gaba da aiki har ranar sayarwa, su ce kuɗin na faɗuwar daraja ne. Zan iya yarda da wannan rabi da rabi, domin mota mai tabo ba ta kai marar tabo a kasuwa ba, kuma masu haya ma ba waliyyai ba ne, akwai mai shafa man takalmi a kan ƙarce ya jefa mabuɗi ya gudu. Amma motar da ba ta je gareji ba, ina kuɗin kwanan gareji ya fito? Tabon da ba a gyara ba, ba a kuma shigar da shi zane ba, me zai hana a karɓi kuɗinsa a hannun na jiya, da na yau, da na gobe? Ruwa ba ya tsami banza.

Wannan tambaya mai haya ɗaya ba ya iya amsa ta, sai hukumar da ke da ikon buɗe littattafan kamfani. Shi ya sa neman kuɗi daban, kai rahoto daban. A Ingila mutum ba ya zuwa wurin jami'an Trading Standards, masu sa ido kan gaskiyar ciniki, kai tsaye, ta layin masu saye na Citizens Advice ake bi, su ne ke miƙa rahoton. A Sikotlan Advice Direct Scotland ke wannan aiki. In abin ya kai ga zamba ƙarara, kamar takardar gareji ta jabu ko kamfanin bogi, akwai cibiyar da 'yan sandan birnin Landan ke gudanarwa, wadda aka daɗe da sani da Action Fraud. Ba ɗayansu da zai karɓo maka fam 353. Tara rahotanni suke yi, sai sun ga suna ɗaya na maimaituwa su motsa. Yaron ya ce to meye amfanin, na ce amfanin na wanda zai ɗauki motar bayanmu ne.

Kuma suna motsawa. A 2015 hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya, CMA, tare da Tarayyar Turai, ta sa manyan kamfanoni biyar, Avis Budget, Enterprise, Europcar, Hertz da Sixt, suka ɗauki alkawarin bayyana farashi tun farko, da ba mai haya hujja da damar musu kafin a ciri kuɗin ɓarna. A 2017 jami'an Trading Standards na Lesta suka buɗe bincike a kan Europcar bisa zargin kumbura kuɗin gyara, inda aka ce masu gyara na rubuta farashi mai yawa a takarda sannan su mayar wa kamfanin wani kaso ta bayan fage. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa maganar za ta iya cin wajen fam miliyan 30. A Amurka kuwa, a Disambar 2022, Hertz ya amince ya biya dala miliyan 168 don sasanta ƙararraki 364 na mutanen da ya kai wa 'yan sanda rahoton sun saci motocin da suka ɗauka haya bisa ƙa'ida, har wasunsu sun kwana a tsare. Ba don in shafa wa wani laifin abin da ya same mu na kawo waɗannan sunaye ba, al'amuransu ne da ke a bainar jama'a. Tun Afrilun 2025 kuma wata doka ta 2024 ta ba CMA ikon cin tarar kamfani da kanta har kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na duniya, ta kuma hana ɓoye kuɗin da dole a biya sai mutum ya yi nisa a ciniki.

Na riga na dawo Kano lokacin da yaron ya turo mini hoton saƙon banki. Kuɗin sun dawo cif, 353. Imel ɗin da ya raka su layi uku ne, ya ce sun mayar ne don kyautatawa, ba don sun amsa wani kuskure ba. Ba su ce komai a kan hoton ranar ɗauka ba, ba su ce komai a kan man da suka ce sun cika a tankin da ke cike ba. A ganina kamfanin da ya mayar da kuɗi da zarar an nemi takardar gareji ya riga ya ba da amsa. Rahoton da muka kai ba mu janye shi ba.

Kai kuma da za ka tafi Ingila ko wata ƙasa da katin dala na bankin gida, ka sani sashe na 75 bai shafe ka ba, kuma ofishin sasantawa na can ba ya sauraron ƙara a kan bankin Najeriya. Hanyar da ta rage maka ita ce ta janyo kuɗi baya, kuma ta hannun bankinka na nan za ta bi. Kada ka tsaya a kiran waya ko maganar kanta. Rubuta takarda, haɗa hotuna da rasit da amsar kamfanin, ka karɓi lambar shaidar an amshi ƙorafinka, in sun yi shiru ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Ka fara tun kana can, kada ka jira sai ka huta gajiyar tafiya, domin wa'adin irin wannan ƙorafi galibi kwana 120 ne, kuma daga ranar da aka ciri kuɗin ake fara ƙirgawa.